Littafin aiki: ruwan da ke cikin ƙwayar jini da sikilar SC a Kumasi

11 ga Nuwamba, 2024

Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito, don haka daga yau aiki ya bar takarda ya hau teburin gwaji. Tambayar da nake bi guda ce, sai dai tana da reshe. Jajayen ƙwayoyin jinin masu sikilar SC, wato waɗanda suka gaji S daga mahaifi ɗaya da C daga ɗayan, suna ƙara bushewa a hunturu da azumi fiye da damina? In suna bushewa, tashin ciwo na bin sawun bushewar, ko kowanne hanyarsa daban?

Abokan aiki na Najeriya sukan tambaye ni me ya kai ni ga SC alhali ga SS tana kashe yara. A Kano ko Zariya in an ce sikila, SS ake nufi, mai SC sai an tona. Nan Gana lissafin daban ne. Gwajin jarirai da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara a Kumasi a 1995 ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 da cutar ake haifar su, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na waɗannan SC ne. Himogilobin C cibiyarsa arewacin Gana da Burkina Faso, inda a wasu garuruwa kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da shi. To dubi zangunanmu: Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Ayigya. Hausawa, Dagomba, Mosi, Frafra, Zabarmawa da Kotokoli sun daɗe suna auratayya, ga kuma Asante a maƙwabta. S da C ba sa rasa inda za su haɗu.

Dukansu biyu tuntuɓe ne a wuri ɗaya, gurbi na shida na sarƙar beta ta himogilobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jar ƙwaya, sarƙar da umarnin ƙera ta ke kan kuromosom na 11. A himogilobin A, na lafiyayye, gulutamik asid ne a gurbin. A S, balin ya maye shi. A C, laisin. Harafi ɗaya ne ya canza, shi ke nan.

25 ga Nuwamba

Sabon ɗalibin da aka turo mini ya yi tambayar da nake so kowa ya yi. Mai AS yana da himogilobin S wajen kashi 40 cikin 100 a kowace ƙwaya, kuma yawanci lafiyarsa ƙalau. Mai SC yana da wajen kashi 50. Ta yaya tazarar kashi goma ta raba mai lafiya da mai kwanciya asibiti? Na ajiye abin da nake yi na zauna da shi, domin aikin duka a kan amsar nan ya tsaya.

Jar ƙwayar jini jaka ce marar cibiya, faɗinta maikiromita 7 zuwa 8, cike da himogilobin kusan miliyan 270 a narke cikin ruwa. Dole ta lanƙwashe ta ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta. Himogilobin S in ya saki iskar oksijin sai ya fara manne wa ɗan'uwansa, su yi dogayen zaruruwa masu tauri, su miƙar da jakar ta zama lauje. Amma mannewar ba nan take take farawa ba, akwai ɗan jinkiri. A 1974 Hofrichter da Ross da Eaton a Amurka suka auna wannan jinkiri, suka tarar ya dogara da kaurin himogilobin a cikin ƙwayar ta hanya mai ban tsoro, kusan kamar a ninka kaurin da kansa sau talatin a lissafi. A fassara shi da sauƙi: in kaurin ya ragu da kashi 8 cikin 100 kawai, jinkirin ya ninka sau goma. Ƙwaya kuwa daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka take yi a cikin siririyar jijiya. In ta fita kafin zaruruwan su kama, ta tsira, ta koma huhu ta sha iska su narke. In sun kama ta a ciki, ta toshe hanya.

Himogilobin C shi ba ya yin zare. Laifinsa daban ne. Yana tsokanar wata ƙofa a fatar ƙwayar, mai fitar da fotasiyam da kulorayid tare, ta riƙa aiki fiye da kima. Gishiri na fita, ruwa na bin sa. Ƙwayar lafiyayye tana da himogilobin wajen giram 33 a kowace desilita, ta mai SC takan kai 37. Na ce masa ya tuna kokon da mai koko ta bari a wuta da safe: ƙullun bai ƙaru ba, ruwan ne ya tafi, amma ludayi ya tsaya a ciki. A 1982 Mary Fabry da Ronald Nagel da abokansu a New York sun mayar wa ƙwayoyin SC ruwansu a cikin kwalba har kaurin ya dawo 33, sai yawancin matsalolin suka lafa. Shekara arba'in da biyu ke nan, har yau ba mu da maganin da ke yin haka a jikin mutum.

4 ga Disamba

Hanyar awo. Akwai na'urori masu tsada da ke auna laushin ƙwaya yayin da ake janye mata oksijin, ba mu da su. Mun koma ga dabarar Danon da Marikovsky ta 1964. Ana haɗa man fitalet iri biyu a ma'auni daban-daban, a samu jerin mai, kowanne da nauyinsa. A ɗiga mai a siririn bututun gilashi, a sa jini a kai, a wulwula a injin. Ƙwayoyin da suka fi man nauyi su nutse ƙarƙashinsa, sauran su tsaya a sama. Sai a auna tsawon kowane ɓangare da ma'auni. Busasshiyar ƙwaya ita ce mai nauyi.

Abu biyu ke iya ɓata shi. Nauyin man yana canzawa da zafi, don haka sai ɗakin ya tsaya a digiri 20, abin da ke nufin in wuta ta ɗauke, aikin ranar ya tashi. Sannan jinin da ya kwana a bututu mai murfi shunayya ƙwayoyinsa kan sha ruwa su kumbura, wato ainihin abin da muke aunawa ya gudu. Doka: jinin da aka ɗiba da safe a gama da shi kafin la'asar. Duk wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ba ya shiga, domin ƙwayoyin wani muke aunawa ke nan.

Mun tsayar da ɗiban jini har a gama zaɓen ranar 7 ga wata. Babu mai fitowa asibiti a makon nan sai wanda ciwo ya koro.

16 ga Disamba

Labari mai daɗi daga taron likitocin jini na Amurka da aka yi a San Diego. An gabatar da sakamakon gwajin PIVOT, wanda aka yi a nan gida, a Korle Bu da ke Akra, ƙarƙashin Dakta Yvonne Dei-Adomakoh da abokan aikinta. Haidiroksiyuriya aka gwada a kan masu SC, yara da manya. Waɗanda suka sha maganin sun fi samun raguwar wasu ƙwayoyin jini, yawanci marar tsanani, amma tashin ciwo da kwanciya asibiti sun ragu sosai. An daɗe ana ba masu SS wannan magani bisa hujja, masu SC kuwa bisa zato. Abin da ya shafe ni kai tsaye: dole in ƙara layi a takardar tambayoyi, in ware masu shan maganin, domin yana ƙara wa ƙwaya girma da ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yau dai ba daga San Diego ya zo ba. Wani magidanci ya kawo 'yarsa, gwajinmu ya tabbatar SC ce. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihun riga, ya ce, "Malama, ki duba da kyau. Kafin in auri uwarta an gwada ni, an ce ba ni da sikila. To daga ina?" Matar tana gefe, ta sunkuyar da kai. Na gane inda tambayar ta dosa.

Na ce, "Alhaji, takardarka ba ta yi ƙarya ba, amma rabin magana ta faɗa." Gwajin da aka yi masa shi ne wanda aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji saboda araha: a ɗiga jini a gilashi, a haɗa da sodiyam metabaisalfait mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 don ya shanye oksijin, a rufe, a jira, a duba ko ƙwayoyin sun zama lauje. S kaɗai yake gani. Mai AC ƙwayoyinsa ba sa lanƙwashewa, sai a rubuta masa babu. Ya auri mai AS, kuma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SC. Na roƙe shi ya ba da jininsa. Muka raba himogilobin ɗinsa da lantarki a kan takardar selulos, ga layin A, ga layin C a baya can kusa da mafari. Na nuna masa nasa, na matarsa, da na yarinyar a jere: S daga uwa, C daga uba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce wa matar, "Hajiya, ki yafe ni."

A ganina gwajin lauje bai kamata ya zama gwajin aure a ƙasar nan ba, ko kaɗan. A inda C ba shi da yawa ana iya yi masa uzuri. A Kumasi, mutum ya riƙe takardar da ta ce babu, ya ɗaura aure da kwanciyar hankali, wannan ya fi rashin gwajin haɗari, domin wanda bai gwada ba aƙalla ya san bai sani ba.

13 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, sanyin asuba na sa masu pragya, kekunan haya masu ƙafa uku, ɗaura rawani har hanci. Wannan ne zagayen ɗiba na farko da nake jira.

Kafin bututun mai, kowane jini sai na shafa shi a gilashi, na rina da Leishman, na duba da idona. Na'urar ƙirga ƙwayoyi tana ba da lambobi, amma ba ta nuna fuska. Jinin SS ba ya ɓuya: laujuna dogaye masu tsini biyu waɗanda ko an ba su oksijin ba sa komawa daidai, ƙwayoyi matasa masu shuɗi-shuɗi da ɓargo ya sako da gaggawa, da ɗigon Howell-Jolly mai shaida cewa saifa ta daina aiki. Ƙwayar lafiyayye kwana 120 take yi, ta SS kwana 10 zuwa 20, ɓargo kullum a guje yake.

SC kuwa lauje na gaske kaɗan ne a cikinta. Abin da ya cika fili ƙwayoyi ne masu ɗigo a tsakiya da zobe a gefe, domin fata ta yi wa abin da ke ciki yawa. Akwai masu naɗewa gida biyu, akwai ƙanana masu duhu da suka ƙanƙance. Jefi-jefi sai ka ci karo da wadda himogilobin C ya daskare a cikinta ya zama ƙanƙara mai kusurwa, ta tura fata gefe guda. Ɗalibina ya ga ta farko yau, ya kira duk wanda ke ɗakin.

A bututun mai, jinin SS yakan rabu: yawancin ƙwayoyi a sama, wani rukuni mai tsananin nauyi ya nutse can ƙasa. Na SC duk garken ne ke matsawa ƙasa tare. Haka littattafai suka ce, haka muka gani, kuma wannan ya kwantar mini da hankali cewa man namu daidai yake.

28 ga Janairu

Kafin in ɗora wa hunturu laifin komai, ga masu iya shiga tsakani. Alfa-talasimiya, wata larurar jini ta gado, tana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma tana rage kaurin himogilobin a ƙwaya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ma haka, ga shi ya yi yawa a mata da yara. Himogilobin F, na jarirai, ba ya shiga zaren S, shi ya sa jariri ba ya nuna alama sai ya doshi wata shida, kamar yadda Janet Watson ta lura tun 1948, kuma wasu manya suna riƙe da shi fiye da wasu. Duk ukun ba sa canzawa da yanayi sosai, don haka maganinsu shi ne kowane mutum a gwada shi da kansa: jininsa na hunturu da jininsa na damina.

Maleriya ce mai wuyar sha'ani, domin ita da damina suke zuwa. Kowane samfuri yanzu sai an yi masa gwajin maleriya. Abin dariya ne a ce ita ke ɓata mini lissafi, alhali ita ta tara mana S da C tun asali. Anthony Allison ya nuna a 1954 a Afirka ta Gabas cewa masu AS sun fi tsira daga gare ta. David Modiano da abokansa sun nuna a 2001 a Burkina Faso cewa AC na rage haɗarinta da kashi 29 cikin 100, CC da kashi 93.

19 ga Fabrairu

Azumi saura kwanaki. Na nemi zama da wasu malaman unguwa bayan sallar la'asar, ta hannun wani kawuna, domin tambayar da majinyata suka fi yi mini a watan nan ba ta kimiyya ba ce, kuma ba ni da hurumin amsa ta.

Abin da na kai musu shi ne maganar ƙoda. Can cikin ƙoda akwai wani sashe mai ƙarancin oksijin da yawan gishiri, wurin da ake tace fitsari a mayar wa jiki ruwansa. Babu inda ya fi wannan wuri dacewa da lanƙwashewar ƙwaya a duk jiki. Tun ƙuruciya siraran jijiyoyin wurin suke lalacewa a masu sikila, SS da SC duka. Sakamakon shi ne ƙodar ba ta iya riƙe ruwa. Lafiyayye in ya yi azumi, zuwa azahar fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, jiki na tattali. Mai sikila fitsarinsa na nan da yawa, fari, ko da ƙishirwa na cin sa. Shi ya sa ma yaransu kan daɗe suna fitsarin kwance, a yi ta dukansu a banza.

Babban cikinsu ya saurara har na gama, sannan ya ce, "'Yata, wannan ai ba sabon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 184 da ta 185 a Baƙara sun sauke wa marar lafiya, ya rama a wasu kwanaki, wanda ba ya fatan warkewa kuma ya ciyar. Matsalar ita ce yaran nan ba sa yarda su marasa lafiya ne." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, masu SC ne suka fi haka, domin ana ce musu tasu ƙarama ce." Ya yi alkawarin zai taɓo maganar a tafsiri. Na roƙi abu ɗaya: kada a ce kowa ya sha, kada a ce kowa ya yi, a ce kowa ya je ya ga likitansa kafin wata ya tsaya.

12 ga Maris

Zagaye na biyu. Ƙa'idar da kwamiti ya gindaya, kuma na yarda da ita: ba ma cewa kowa ya yi azumi ko ya bari saboda bincike. Wanda ya yanke shawarar yi, shi da likitansa, muna ɗibar jininsa da hantsi, muna auna nauyin fitsarinsa, muna rubuta abin da ya sha daga buɗa-baki zuwa sahur. Wasu sun tambaya ko ɗiban jini na karya azumi. Cokalin shayi ɗaya ne, kuma malaman da na zauna da su sun ce ba ya karyawa, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba muna bin sa bayan magariba, mu rubuta lokacin.

Maris a Kumasi zafi ne mai gumi, ba irin bushewar Janairu ba. Wata mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi ta ce mini tun asuba take gaban wuta, kuma ba ta taɓa shan azumi ba tun tana budurwa. Wani ɗan dako a kasuwar Kejetia kwana uku ya yi, na huɗu aka kawo shi da ciwon ƙugu. Jininsu iri ɗaya ne a takarda.

Ina yawan tuna wa kaina labarin senikapok. Magani ne da aka ƙera don toshe ɗaya ƙofar da ke zubar da ruwan ƙwaya, ƙofar Gardos, wadda kalsiyam ke buɗewa. Ya yi abin da aka ƙera shi ya yi: busassun ƙwayoyi sun ragu, jini ya ƙaru. Amma tashin ciwo bai ragu ba, aka tsayar da babban gwajinsa a 2007. Toshewar jijiya ba aikin busasshiyar ƙwaya kaɗai ba ne. Akwai ƙwayoyi matasa masu danƙo da ke manne wa bangon jijiya, akwai fararen ƙwayoyi, akwai kumburi. Bututuna ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

7 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Na zauna na jera awon hunturu da na azumi gefe da gefe, kallon farko kawai, ba lissafi ba. Abin da ya fito fili: bambancin da ke tsakanin mutum da mutum ya fi bambancin da ke tsakanin wata da wata a jikin mutum ɗaya. Mai nauyin ƙwayoyi a Janairu shi ne mai nauyi a Maris. Fitsari ya nuna ƙishirwa a masu azumi, ƙwayoyin kuwa ba su motsa sosai ba.

Ba abin mamaki ba ne in aka yi tunani. Jiki yana tsare gishirin ruwan jini a ƙunƙuntaccen ma'auni, ƙishirwar yini ɗaya kaɗan take gusar da shi. Ruwan cikin ƙwaya kuwa ƙofofin fatarta ne ke hukunta shi. Ruwan da mutum ya sha da ruwan da ƙwayarsa ta riƙe ba abu ɗaya ba ne. Wannan ba ya nufin shan ruwa banza ne. In ruwan jini ya ragu, jinin ya yi kauri, tafiyarsa ta yi nauyi, ƙwaya ta daɗe a siririyar jijiya, jinkirin nan da ke ceton ta ya ƙare mata a hanya. Kuma ga tazarar kashi 8 da ke ninka abu sau goma: motsin da ya fi ƙarfin idon ma'aunina yana iya isa ya kwantar da mutum. Zan ƙara yawan matakan mai a tsakiyar jerin, inda ƙwayoyin SC suka fi taruwa, ko awon ya ƙara kaifi.

20 ga Mayu

Damina ta zauna. Tsofaffin unguwa sun riga ni sanin cewa ciwon ƙashi da ruwan sama yake tashi, kuma Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda ya jagoranci asibitin sikila a Korle Bu, ya rubuta haka tun da daɗewa. Shi ne ya bi sawun cutar a danginsa na Krobo har zuwa 1670. Sanyi na tsuke jijiyoyin fata, yaro ya jiƙe a hanyar makaranta, dare ya yi a kwana ba barci. Yana yiwuwa in gama shekara ina farautar hunturu in tarar damina ce mai laifi. Awon zai faɗa.

Mun samu wani likitan ido ya yarda ya duba duk wanda ke cikin binciken, kuma wannan ne abin da ya fi amfanar su a duk aikin. Mai SC jininsa yakan tsaya a giram 10 zuwa 12, mai SS 6 zuwa 9. Shi ya sa mai SC ba ya ɗashewa, idonsa ba ya yin shawara sosai, yana girma kamar kowa, har a ce tasa ƙarama ce. Amma jini mai yawa da ƙwayoyi masu tauri jini ne mai kauri. A gefen tantanin ido siraran jijiyoyi na toshewa, sababbi marasa ƙwari su tsiro, wata rana su fashe ko su janye tantanin. Wannan ya fi samun masu SC fiye da masu SS, kuma ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa, sai mutum ya wayi gari yana ganin duhu. In an gano da wuri ana ƙone wurin da hasken leza. Haka kan ƙashin cinya ke mutuwa a hankali, saurayi ya fara ɗingishi a ce amosani ne. Haka saifa, wadda a SS takan mutu tun yarinta, a SC tana nan har girma, tana iya kumbura ta haɗiye jini. Mai ciki kuwa, watannin ƙarshe da kwanakin jego sai an sa ido sosai.

Cikin waɗanda aka duba akwai wanda aka tura a yi masa leza a makon nan. Tela ne, bai taɓa jin an ce ya duba ido ba. Ya ce shi rabonsa da kwanciya asibiti tun yana sakandare, ya ɗauka ya warke.

23 ga Yuni

An yi ranar sikila ta duniya ranar 19 ga wata. An gayyace ni rediyo, rabin tambayoyin masu kira a kan Casgevy ne, maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Yana kashe makunnin BCL11A don jiki ya koma ƙera himogilobin F. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, kuma sai an share ɓargon mutum da magani mai ƙarfi tukuna. Wani ya tambayi Oxbryta, wani maganin sikila, na gaya masa Pfizer ta janye shi daga kasuwa a Satumban 2024. Na yi ƙoƙarin jawo hirar zuwa abin da hannunmu ke kaiwa: penisilin kullum ga yara, wanda gwajin 1986 ya nuna ya rage mugun ciwon ƙwayar nimoniya da kashi 84 cikin 100, allurar rigakafi, gidan sauro, haidiroksiyuriya da inshorar lafiya ta ƙasa ta sa cikin jerinta, da hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda abokan aikinmu na Asibitin Malam Aminu Kano suka nuna ana iya haɗa shi da haidiroksiyuriya a kare yara daga shanyewar ɓarin jiki ba tare da ƙarin jini kowane wata ba. Sai gwajin aure. Akwai 'yan sandunan gwaji irin HemoTypeSC da ke bambance A da S da C daga ɗigon jinin yatsa cikin mintuna, ba lantarki, ba na'ura. Na ce duk mai tsohuwar takardar da ta ce babu lauje, ya koma a faɗa masa haruffansa biyu.

Matsayin aiki: zagayen damina zai rufe ƙarshen Yuli. Sabon jerin mai yana raba ƙwayoyin SC fiye da na da, amma hakan na nufin awon hunturun bana ba zai gwadu da shi kai tsaye ba, sai an sake zagayen hunturu a Disamba. Na rubuta wa kwamiti neman ƙarin wa'adi, tare da izinin ajiye ragowar jini don gwajin alfa-talasimiya. Man fitalet mai nauyin ya kusa ƙarewa, odarsa kan ɗauki watanni kafin ta iso tashar jiragen ruwa ta Tema, don haka takardar sayensa za ta fita gobe.